Karin Gidanmu a Bakin 'Yan Kanisa

A gidanmu akwai karin waƙa guda ɗaya da ba a wasa da shi. Kakan mahaifina ne ya taho da shi daga yamma a bakinsa, lokacin da suka kamo hanyar Makka da ƙafa. Guzuri ya ƙare musu a nan Jazira, yankin noman auduga a ƙasar masu jin Larabci, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya su wuce, kuma shekarar ce har yau ba ta ƙare ba. Tsohon bai bar gadon komai ba sai buta da allo da wannan kari. Buta da allon tuni suka bi gari, karin kuwa uba ke ba ɗa ɗaya, ɗan ya ba nasa. Da shi ake rufe begen Manzo ranar ƙarshe ta Mauludi, da hantsi, a filin gaban zawiya, sau ɗaya tak a shekara. A zamanina mahaifina ne ke riƙe da shi. In ya ɗauko, sai ka ga dattawa suna share ido da gefen rawani, musamman a ƙarshen kowane baiti, inda muryar ke saukowa daki-daki har sau uku ta kwanta can ƙasa.

Yayyena maza biyu babu wanda ya koya. Babban yana tuƙin babbar mota tsakanin Madani da Sinnar, ƙaramin kuma Hausarsa ma sai da cikon Larabci take tsayawa. Baba bai fid da rai ba, kullum cewa yake akwai jikoki. Ni da ba a koya wa ba, ni ce na iya, don tun ina yarinya nake jin sa ta bayan katanga yana bita in Mauludi ya gabato. Ba a taɓa ce mini kada in rera a waje ba. Ba a kuma taɓa ce mini kada in sa hannu a wuta ba, duk abu ɗaya ne, an ɗauka na sani.

Da mijina ya rasu na dawo gidan Baba da 'ya'yana mata biyu. Innarmu ta riga ta rasu, sai ya ba ni ɗakinta, na riƙe masa girki da awaki. Idonsa ya fara hazo a lokacin, amma kunnensa, ko kiyashi ya yi tari a bayan gida sai ya tambayi wane ne. Ba ni da kowa a duniya da nake tsoron ɓacin ransa kamar shi. Ba duka nake tsoro ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Albarkarsa nake tsoron rasawa, da irin yadda yake kirana da safe, ya ce ɗiyata, kamar ban taɓa yin laifi ba tunda aka haife ni.

Bayan gonakin ƙauyenmu, a bakin babbar magudanar ruwa da muke kira tura'a, akwai kambo, wato unguwar bukkokin 'yan ƙwadago. Yawancinsu mutanen duwatsun Nuba ne, da yawa Kirista, suna da 'yar kanisarsu ta zana da kwano. A can ƙawata take. Kaka huɗu muna tsinkar auduga kunya da kunya, ita ta ɗanɗana kununa, ni na ci gyaɗarta, har muka saba. Doguwa ce, mai dariya da dukan jikinta, kuma ita ke jan waƙa a kanisarsu. Da Larabci muke hira, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa da zagi biyu ba, su ma ni na koya mata.

Tana da wani aiki da ya dame ta fiye da audugar. Akwai littafin Zabura na Larabci da take yawo da shi a ƙunshe cikin leda, gefensa duk ya cinye. Ta ce karin da suka gada na rera Zabura ya tsufa, jan sa ake kamar jakin da ya ƙoshi, matasa hamma suke yi tun ba a kai rabi ba. Shi ya sa take farautar sabbin kari duk inda ta ji su, a bakin masu daka, a gidan biki, har a fiton direbobi. In ta samo ɗaya sai ta zauna kan buhu da karan auduga a hannu, tana buga ƙasa, tana ƙirga gaɓoɓin ayoyi da yatsu. Ayar da ta yi tsawo ta raba ta biyu, wadda ta yi gajarta ta maimaita ta, ta zaɓi ɗaya ta zama amshi. Wata Zaburar takan ƙi shiga kari, sai ta bar ta ta gwada wata. Ni dariya nake mata, ina ce mata tela mai ɗinkin iska.

Ranar da abin ya faru sanyi ake, yatsu sun ƙage, kowa ya yi shiru a kunyarsa. Ban san lokacin da bakina ya fara ba. Babu kalma ko ɗaya, guna-guni ne kawai a hanci, irin wanda mutum ke yi don ya manta da bayansa da ke ciwo. Sai da na ga ta tsaya cak da auduga a hannu na gane karin gidanmu nake rerawa. Ta ce in sake. Ni kuma ba a yaba mini murya kullum, kaina ya kumbura, na sake, har sau uku. Ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

To, a wurinmu in mutum ya yaba abinka, ɗankwali ne ko kwano, sai ka ce masa naka ne. Shi ma ya san amsarsa, zai ce ya fi kyau a wurinka, Allah ya bar maka. Kowa ya tafi da mutuncinsa, ɗankwali yana kan mai shi. Bakina ya saba da wannan tun ban san hagu da dama ba, don haka ban ko yi tunani ba na ce mata nata ne. Ta dube ni ta ce da gaske? Maimakon in farga, sai na ƙara da abin da ya ɗaure ni.

"Wallahi naki na," na ce mata da Hausa, sannan na maimaita da Larabci don kada ta ce ba ta ji ba.

Muka ci gaba da tsinka. Da yamma muka kai buhunanmu ma'auni, na dawo gida na dafa wa Baba miyar kuɓewa, na kwanta ban tuna komai ba.

Bayan kamar wata biyu, wata Lahadi da safe, na tafi yankan ciyawar awaki a bakin tura'a. Iska ta taso daga wajen kambo ɗauke da kiɗa, fiyanon nan mai batir da ƙanen mijin ƙawata ke dannawa, da ganga, da tafi. Ba su gama numfashin farko ba na gane shi. Lauje ya faɗi daga hannuna. Karin kakan mahaifina ne, a bakin mutum wajen arba'in, maza da mata, da kalmomin Larabci na wani bawan Allah da wahala ta kewaye, yana roƙon kada Ubangiji ya juya masa baya. Abu ɗaya ta sauya. A ƙarshen baiti, inda namu ke saukowa sau uku ya kwanta, nasu ɗagawa yake sama, sai tafi ya biyo. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: waƙar ta yi kyau. Kyan nata ne ma ya fi tayar mini da hankali, don abu mai kyau ba ya zama wuri ɗaya.

Na jira aka tashi, na ja ƙawata bayan bukkarta. Ita kuwa murna take, tana ba ni labarin yadda ta gwada Zabura uku suka ƙi, ta huɗu ta shiga kamar an auna ta. Ta ce ƙarshen ne ya gagare su, mata da yara ba su iya sauka can ƙasa, shi ya sa ta ɗaga shi. Da na gaya mata ko na wane ne da ranar da ake rera shi, fuskarta ta sauya. Ta ce ai ni na ba ta, har da rantsuwa. Na ce haka muke faɗa, ita ma ta sani, ba yau ta zo ƙasar nan ba. Ta ce ta sani, da ɗankwali ne ba za ta karɓa ba, don zai bar kaina a buɗe, amma waƙa in ka bayar tana nan a bakinka, wa ta rage wa? Na ce to su daina. Sai ta nuna mini wayarta, ta ce tun makon jiya aka ɗauka, an tura wa 'yan'uwansu a Hasahisa da Suki, su ma sun fara koya.

Magana zarar bunu ce. Na dawo gida babu ciyawa, awaki suna ta kuka, Baba ya tambaye ni ko lafiya, na ce kaina ke ciwo. Ita ce ƙarya ta farko, kuma ba ta zama ta ƙarshe ba.

Kada a ɗauka Baba yana ƙin mutanen kambo. Shi ne da kansa ya ba su aron keken jakinsa ranar da suka rasa abin kai gawar wani tsohonsu maƙabarta, ya kuma bi su a ƙafa har bakin hanya. Abin da nake tsoro daban ne. Karin amana ne a hannunsa, mutum biyu sun riƙe shi kafin shi ba su zubar ba. Ga kuma bakin mutanen ƙauye, da za su ce gidan bege ya kai karin Manzo kanisa, kuma 'yar gidan ce ta kai da ƙafarta. Kullum ina hango fuskarsa in ya ji.

Daga nan na zama mai kaza a aljihu, ba na jimirin as. Ranar kasuwar Wad Haddad, da Baba ya saba zuwa ya zauna wurin abokansa masu sayar da igiya, sai na ƙirƙiro dalili, yau rana ta yi zafi, gobe jaki yana ɗingishi, ni zan je in sayo komai. Yayana direba in ya zo da wayarsa cike da waƙoƙin da ya kwaso a tashoshi, ina nan kusa da shi kamar mai gadin nono, da ta yi ƙara sai in kasa kunne. Lahadi kuwa tun da asuba nake duba inda iska ta dosa. In daga kambo take, sai in kunna wa Baba rediyo da ƙarfi, in ce ana karatu mai daɗi yau. Yakan ce shi fa ba kurma ba ne, in ce don ni ma in ji daga madafa.

Wata rana da damina yana alwalar la'asar a tsakar gida, sai wani makiyayi ya bi ta bayan katangarmu da shanunsa yana fito. Karin ne, da ɗagaggen ƙarshensa, a bakin mutumin da ban taɓa gani ba. Na wawuri tukunya da murfi na shiga bugawa, wai ina korar kaji, alhali kaji suna can gindin rumbu abinsu. Baba ya tsaya da buta a hannu, ya karkata kai, ya daɗe a haka. Sannan ya ce in bar kajin nan su huta, ya ci gaba da wanke ƙafa. Ban san ko ya ji ba. Kwana uku ina kallon fuskarsa ina neman alama, ban ga komai ba, kuma rashin ganin bai kwantar mini da hankali ba.

Sau uku na yi niyyar gaya masa da bakina. Kowane karo sai in dafa masa jabana, gahawar nan mai citta da yake so, in durƙusa gabansa in ce Baba. Ya ce na'am, ɗiyata. Da na ji kalmar nan sai harshena ya naɗe, in ce akuya ta kusa haihuwa, ko in ce rufin ɗakin yara yana yoyo. Na rame a shekarar har mata suna tambayata ko wani ya fito neman aurena ne nake tunani. Na ce musu eh, wani ne mai suna fargaba, suka yi dariya, ni ban yi ba.

Dawa ta nuna, kuma a shekarar girbi ya faɗo saura mako biyu Mauludi. Tunda ƙarfin Baba ya ragu, gayya yake kira a yanke masa hawasharsa, wato gonar da yake riƙe da ita a tsarin noman rani, mu nan nafir muke cewa. Kowa ya san ƙa'idar nafir. Ba a korar wanda ya zo, ba a kuma hana shi waƙa, don waƙa ce ke jan lauje. Mutanen kambo kuwa tun ranar keken jaki ba su taɓa fashin nafir ɗin Baba ba. Ana saura kwana biyu na tafi wurin ƙawata, na kama hannunta biyu, na roƙe ta don girman Allah kada wannan waƙa ta fito ranar. Ta rantse mini ba za ta ja ta ba, kuma za ta gargaɗi matasansu. Na yarda da ita, kuma ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da ta manta, tun farkon abin ta gaya wa dattijon kanisarsu gidan da karin ya fito.

Ranar nafir mutum ya kai sittin, namu da nasu. Maza suna yanke zangarniya, mata muna tarawa. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar bagaruwa bakin ƙaramar magudana, yana sa wa duk wanda ya wuce albarka. Aka yi waƙoƙi iri-iri, na Hausa, na Larabci, na yarensu, ni dai duk wadda aka ɗauko sai na riƙe numfashi har in ji ba ita ba ce. Kafin azahar aka gama. Aka ci tuwo, aka sha shayi, na fara jin jinina yana komawa jikina, har na yi wa wata maƙwabciya tsiya kan yawan lomarta.

Sai dattijon kanisar ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya je gaban Baba ya rusuna. Ya ce da Larabci, kowa na ji, sun daɗe suna neman ranar da za su yi godiya. Ya ce gidan nan ya ba su kyautar da ta fi keken jaki, kyautar da ta cika musu kanisa da matasa, kuma ba su da abin rama ta sai su mayar wa mai ita ya ji da kunnensa. Na dubi ƙawata, ita ma ni take kallo, bakinta a buɗe, tana girgiza kai. Bai jira ta ba, ya ɗauko da tsohuwar muryarsa, sauran suka amsa. Babu fiyano, babu ganga, tafi ne kawai da muryoyi a fili, don haka babu abin da ya ɓoye karin.

Mutanen ƙauyenmu suka gane shi nan take. Na ga wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa a hankali, wani ya dubi Baba, matan da ke kusa da ni suka dube ni. Ni Baba kawai nake kallo. Bai motsa ba, hannunsa yana kan gwiwa, kansa a karkace kamar ranar makiyayi. A ƙarshen kowane baiti, in suka ɗaga, sai yatsunsa su ɗan motsa. Waƙar ba ta fi minti biyar ba, amma na yi tsufan shekara a cikinta. Da suka gama ya yi musu godiya yadda ya kamata, ya roƙa musu lafiya da amfanin gona, ya sa aka cika wa kowannensu ƙwarya da dawa. Babu wanda zai ce ya ga wani abu a fuskarsa.

Ni na tuƙo keken jakin zuwa gida, shi yana zaune a bayana. Mun yi nisa a kan gaɓar tura'a kafin ya yi magana.

"Ke kinka ba su?"

"Ni ta, Baba."

"Da bakinki?"

"Har da rantsuwa."

Jaki ya yi ta tafiya. Na ce ya yi mini faɗa, ya zage ni, duk abin da ya ga dama na cancanta. Na soma ba shi labarin sanyi da auduga da ɗankwali, ina kuka, maganar tana fita a hargitse. Ya bar ni har na ƙare.

"Abin da anka bayar da sunan Allah ba a amso shi," in ji shi. Can kuma, kamar da kansa yake magana, ya ce, "Sun ɗaga ƙarshen. Ba haka shika sabkowa ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Washegari da safe ya kira ni ɗiyata kamar kullum, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar rufe Mauludi na tsaya can baya cikin mata. Aka yi bege, aka yi bege, har aka zo inda kowa ke jira. Baba ya gyara zama, ya ja numfashi, ya rufe da wani kari na kowa da kowa, wanda ake ji a kowace zawiya daga nan har Sinnar. Babu dattijon da ya taɓa gefen rawaninsa. Da aka tambaye shi ya ce maƙogwaronsa ne, kuma kowa ya san ba maƙogwaro ba ne. Babu wanda ya ce mini uffan a ƙauyen, sai dai hira takan mutu in na iso bakin famfo, har tsawon watanni.

Ƙawata ta zo gidanmu da kaza a hannu, ta durƙusa tana ba shi haƙuri, ta ce za su daina ko da matasan za su watse. Ya hana ta. Ya ce wanda aka saukar wa Zabura annabinmu ne mu ma, shi ma da murya ya kira Ubangijinsa, su riƙe abinsu da kyau. Bayan ta tafi na yi ƙarfin hali na tambaye shi, tunda haka ne, me ya hana shi rera nasa. Ya ce in ya ɗauko yanzu, rabin filin kanisa za su ji a ciki, wasu su ji haushi, wasu su yi murmushi, kuma begen Manzo ba a yin sa da zuciya a rabe. Bai sake ɗauko shi ba, ko a bayan katanga. Ni ma kunya ta rufe mini baki, ko a hanci ban ƙara yi ba. Nasu kuwa kowace Lahadi iska tana kawo mini shi, kuma na daina kunna rediyo.

Shekara huɗu aka yi a haka. Sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, numfashinsa ya zama gajere, magana ma sai ya huta a tsakiya. Wata rana bayan la'asar ina yi masa fifita, ya ce in matso. Ya ce jikokin da yake jira ba su zo ba, kuma ya san tun ina yarinya nake laɓewa a bayan katanga, yana jin motsin ƙafata. Ya ce in rera masa, da kalmomin begen, yana so ya ji ko abin yana cikin gidan har yanzu.

Na yi shekaru ina jiran abin da zan yi masa in wanke laifina, ga shi ya ba ni da hannunsa. Na gyara murya na ɗauko. Farkon ya zo daidai, na ga leɓensa yana bi. Da na iso ƙarshen baiti, sai muryata ta ɗaga sama. Na tsaya, na ce bari in sake. Na sake, ta kuma ɗagawa. Na rufe ido ina neman inda ake saukowa, na nemi muryarsa ta bayan katanga, babu abin da ke cikin kaina sai Lahadi ɗari biyu da tafinsu. Ya ɗaga hannu daga kan bargo, ya sauke shi kaɗan, ya ƙara saukewa, ya ƙara, ya buɗe baki zai nuna mini, numfashin bai kai ba. Tari ya kama shi har sai da na tallafe shi.

Da ya lafa sai ya ɗora hannun nan a kaina, ya ce Allah shi yi mini albarka, ya maimaita sau biyu don in tabbata. Na samu abin da na yi shekara ina tsoron rasawa, ban kuma taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Bayan kwana tara ya rasu. Mutanen kambo sun zo gaisuwa gaba ɗayansu, suka zauna a ƙofar gida, ƙawata ta yini tana taya ni wanke kofuna.

Na tambayi dattawan da suka rage, kowa ya ce yana jin sa a kunnensa, amma da ya buɗe baki sai ya kawo wani abu daban. Har yau in ina wanke-wanke ni kaɗai nakan gwada. Saukar farko tana zuwa, ta biyu wata rana ta zo, wata rana ta ƙi. Ta ukun, inda yake kwanciya, ban same ta ba.